Farar Safar Hannun Mai Shari'a Madawela

Shekara goma sha bakwai Mai Shari'a Felix Madawela ya yi yana zagaya tsibirin Silon da shari'a, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ba shi farar safar hannu ba. Abin yana cin ransa, sai dai ko za a yanka shi ba zai yarda ya ce haka ba.

Al'adar Turawa ce. Idan babban alƙali ya sauka a gari don zaman manyan laifuka ya tarar babu ko mutum guda da ke jiran shari'a, sai Baturen lardi ya miƙe a gaban jama'a ya miƙa masa farar safar hannu a kan faranti, wai alamar hannunsa bai taɓa jini ba a wannan zuwan. Ba sakawa ake yi ba, wa zai saka safa a ƙasar da mutum ke zufa yana cikin wanka? A gilas ake ajiye ta a falo, baƙi su gani su yi tambaya. Akwai wani abokin aikinsa Bature da rabin shari'a a gyangyaɗi yake yin ta, shi har uku ya tara. Shi kuwa Madawela, duk garin da ya nufa sai a ce mutanen wurin jira suke yi su ji yana tafe kafin su sari juna.

Asalinsa ɗan mai gari ne daga wani ƙauye a kudu. Makarantar mishan ta ɗauke shi yana shekara tara, ta ba shi suna Felix, ta ba shi takalmi, daga nan bai sake waiwayar ƙauye ba sai in an yi mutuwa. Ya zama lauya a Kolombo, babban birnin ƙasar. Da Gwamna ya ga yana da baki, sai ya naɗa shi majalisar dokoki don ya wakilci 'yan ƙasa, da zaton zai zauna ya riƙa gyaɗa kai kamar sauran. Ina! Shekara takwas ya yi yana magana. Ya yi magana a kan harajin shinkafa, ya yi a kan titin jirgin ƙasa, amma abin da ya fi tayar masa da jijiyar wuya shi ne talakan da ake kullewa wata da watanni ba a kai shi gaban alƙali ba. A kan wannan ya taɓa yin awa huɗu a tsaye, har wani ɗan majalisa ya fita ya ci abinci ya dawo ya same shi a inda ya bar shi. A ƙarshe Gwamna ya gano maganinsa, ya yi masa girma ya naɗa shi alƙalin babbar kotu, inda doka ta hana shi tsoma baki a siyasa. An yi liyafa, kowa ya yi murna, Gwamna ya fi kowa.

To yanzu ga shi saura wata biyu ya yi ritaya, zagayensa na ƙarshe, garinsa na ƙarshe kuwa Ambatota, a bakin teku. Tun a tashar jirgi Baturen lardi, Mista Pargeter, ya tare shi da fara'a ya ce masa takardar shari'u fara ce fes, babu kowa a cikinta.

"Babu kowa?" in ji Mai Shari'a.

"Ko mutum ɗaya. Safar ma ta iso daga Kolombo tun shekaranjiya."

"To, madalla," in ji shi, yana kallon wani waje kamar an ce masa za a yi ruwa. Amma a cikin keken doki sau biyu ya duba tafin hannunsa, yana tunanin ko sun san girman hannun nasa.

Tafintansa, Sirimanne, yana zaune kusa da mai tuƙin keken. Wani dogon tsoho ne mai ɗaure gashi da matajin ƙoƙon kunkuru a ka, tun ranar da Madawela ya hau kujera suke tare. Mai Shari'a ya sha yaren Sinhala a nono, amma a kotu ba ya jin sa, doka ta ce Turanci kotu ke ji. Saboda haka mai shaida zai yi magana, Mai Shari'a ya ji sarai, sannan ya zauna ya jira Sirimanne ya gaya masa abin da ya ji. Shekara goma sha bakwai suna haka, ba wanda ya taɓa yin dariya.

Washegari da safe Mai Shari'a yana baranda a gidan saukar baƙi na gwamnati, yana shan shayi yana bitar jawabin da zai yi in an miƙa masa safar. Shafi tara ne, kuma tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya rubuta shi. Sai ga wata mata ta shigo ta ƙofar lambu. Ba ta wuce shekara talatin ba, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya da ƙunshin abinci a ganyen ayaba, ɗayan da damin ganyen taunawa irin wanda ake kai wa manya gaisuwa. Ta ajiye ganyen a kan matakala, ta durƙusa. Sirimanne ya fito daga ciki da sauri, abin da bai saba ba.

"Ke! Wa ya bar ki kika shigo? Tashi, tashi, zo ta nan."

"Bar ta," in ji Mai Shari'a. "Me take so?"

A baranda ba kotu ba ce, don haka yana da izinin jin Sinhala. Matar ta ce sunanta Ensohami, daga ƙauyen bayan kogi. Mijinta, Tepanis, mai hawan kwakwa, sati shida ke nan yana kurkukun garin. Kullum takan kawo masa shinkafa, don cikinsa ba ya karɓar abincin gidan yari. Kwana uku ke nan gandiroba yana ce mata ba ya nan, an kai shi wani gari, kuma ya ƙi faɗa mata wane gari.

"An ce mini ranka ya daɗe ya fi kowa girma a garin nan yau," ta ce. "Shi ne na ce bari in tambaya, ina zan kai abincin?"

Mai Shari'a ya ajiye kofi. Ya dubi Sirimanne. Sirimanne ya dubi wata bishiyar mangwaro kamar yau aka dasa ta.

"Sirimanne."

"Ranka ya daɗe."

"An ce mini babu kowa a takarda."

"Haka ne, ranka ya daɗe. A takarda babu kowa."

Ba a daɗe ba magana ta fito, don tsohon ba ya iya yi masa ƙarya ido da ido. Mutum ɗaya ne tak ya rage a kurkukun Ambatota mai jiran babbar kotu, wannan Tepanis ɗin. Likitan gwamnati ya duba shi ya gano yana da tari, tarin da ba wanda ya ji sai likitan, aka sa shi a amalanken shanu aka kai shi asibitin kurkuku na lardin gaba, mil ashirin da shida. Marar lafiya ba ya shiga takarda. Shari'arsa sai zama na gaba, bayan wata shida.

"Dabarar wa?"

"Mista Pargeter yana so a ce lardinsa lafiya lau. Ni kuma ban hana ba."

"Don me ba ka hana ba?"

"Ranka ya daɗe, duk garin da muka sauka sai ka tambaye ni mutum nawa ne a takarda tun kafin ka tambayi ruwan wanka. Ina da kunne."

Wannan ta shige shi, kunnuwansa suka yi zafi. Kunya ce ta kama shi, shi kuwa tun yana saurayi kunya ba ta zama a jikinsa, nan take take komawa fushi. Ya miƙe. Wato shi, Felix Madawela, shi za a sayar wa 'yancin talaka da safa ta rupi biyu? Shi da ya tsaya awa huɗu a majalisa?

Sirimanne ya matso, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, ka saurare ni kafin ka aika. Kisa ne. Tepanis ya sari mijin ƙanwarsa, a kan rabon wata bishiyar kwakwa, rana tsaka. Babbar mai shaida ita ce ƙanwar tasa. Sati shida kacal, ranka ya daɗe, jini bai huce ba. Yanzu in ka tsayar da ita, duk abin da ta gani za ta faɗa, har da wanda ba a tambaye ta ba. In aka bar su wata shida, dattawa za su zauna, malamin haikali zai sa baki, a tuna mata uwa ɗaya ta haife su. Ranar shari'a sai ka ji kowa ya ce faɗa ne ya kaure, ba wanda ya ga wanda ya fara. Shekara bakwai, ya fito ya ci gaba da hawan kwakwarsa. Haka ake yi a ƙauye. Kai ma ka sani, gidanku ake zaman."

"Wato in jira shaidu su koyi ƙarya."

"Su huce na ce."

"Mutum yana kulle ba shari'a, matarsa ta tako ta zo gabana tana neman haƙƙinsa..."

"Ba ta nemi komai ba, ranka ya daɗe. Tambaya ta yi."

Amma Mai Shari'a ya riga ya yi nisa, ba ya jin kira. Wanda ya yi shekara takwas a majalisa ba ya jin tambaya a matsayin tambaya, ko ƙarfe nawa ka ce masa sai ya ji kukan talakawa a ciki. Ya juya ga Ensohami, ya ce mata da murya irin ta taro ta kwantar da hankalinta, mijinta zai dawo garin nan, kuma za a yi masa shari'a cikin satin nan, ba zai ƙara kwana a kulle ba tare da an ji ta bakinsa ba. Ta dube shi, ta dubi Sirimanne. Ta ce ta gode. Me za ta ce?

Ƙarfe goma kotu ta cika maƙil. An share, an jera tukwanen fure, matan Turawa sun zo da huluna, lauyoyin gari sun goge baƙaƙen rigunansu. 'Yan sanda suka busa ƙaho. Mai Shari'a ya shigo cikin jar alkyabba da hular gashin doki, ya zauna. Magatakarda ya sanar babu shari'a. Mista Pargeter ya taso da faranti a hannu biyu, ya yi gyaran murya.

"Dakata, Mista Pargeter," in ji Mai Shari'a. "Ina Tepanis?"

Jawabin da ya biyo baya ba shi ne mai shafi tara ba, kuma ya fi shi. Minti hamsin ya yi, ba takarda. Ya ce kotun Sarki ba ta karɓar kyauta da ranakun talaka. Ya ce gara hannu ya yi dauɗa da aiki da ya yi fari da ha'inci. Duk tsawon lokacin Pargeter yana tsaye da faranti, don ba wanda ya ce masa ya zauna kuma ba inda zai ajiye. Lauyoyi 'yan ƙasa suka riƙa taɓa juna da gwiwar hannu. Wani ɗan jarida ya cika littafinsa ya ari na maƙwabci. Shi kuwa Madawela ya ji jininsa yana gudu yadda bai ji ba tun barinsa majalisa, kuma gaskiya ya ji daɗi, daɗi sosai.

Aka aika amalanke. Ranar Laraba Tepanis ya iso, tari ya warke. Wani gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda hawan bishiya, yana ta kallon fankar da ake ja da igiya a saman kan alƙali. Kotu ta ba shi lauya kyauta, wani matashi da ya ga takardun shari'ar a karo na farko da safiyar ranar. Aka rantsar da mutum bakwai na juri, wato waɗanda za su yanke ko ya aikata laifin, masu shaguna da malaman ofis, duk masu jin Turanci, duk suna so su koma bakin aikinsu.

Aka kira ƙanwar, Podinona. Tana cikin fararen kayan takaba. Ba ta kalli yayanta ba ko sau ɗaya. Ta ce bishiyar ta kakansu ce, an raba ta kashi goma sha biyu, mijinta ya ce uku nasu ne, Tepanis ya ce biyu. Sun yi cacar baki da safe. Tepanis ya tafi gida.

"Ya tafi gida?" in ji lauyan gwamnati. "Sannan ya dawo?"

"Ya dawo bayan an ci abincin rana. Na ji shi yana wasa wuƙar a bayan gida kafin ya zo. Ya daɗe yana wasawa."

Ba wanda ya tambaye ta zancen wasa wuƙa. Mai Shari'a ya ji maganar da Sinhala, ta sauka masa a ciki, sannan ya zauna ya jira a gaya masa. Sirimanne ya ɗan yi jinkiri, abin da bai taɓa yi ba, har lauyan gwamnati ya ɗago kai. Sannan ya fassara, kalma da kalma, bai rage komai ba.

Lauyan Tepanis ya tashi ya tambaye ta ko ba kullum mai hawan kwakwa ke wasa wuƙarsa ba. Ta ce da safe ake wasawa, ba da rana ba. Ya zauna.

Mai Shari'a ya yi abin da zai iya, kuma ba shi da yawa. Da ya zo yi wa juri bayani, ya daɗe a kan zafin zuciya, ya nuna musu ƙofar da doka ta bari ga wanda fushi ya rufe wa ido, ya sake nuna musu, har lauyan gwamnati ya fara motsi a kujera. Amma shi mutum ne da bai taɓa ɓoye wa juri shaida ba, ba kuma zai fara a shari'arsa ta ƙarshe ba. Ya tuna musu awa huɗu ne tsakanin cacar baki da saran. Ya tuna musu wuƙar. Suka shiga ɗaki suka fito kafin a gama canja mai jan fanka. Kisa da gangan, bakinsu ɗaya.

Irin wannan hukunci ba alƙali ke zaɓa ba, doka ta riga ta rubuta. Magatakarda ya buɗe akwati ya ɗauko ɗan baƙin ƙyallen da ake ɗora wa alƙali a kan hula, ya ɗora masa. Mai Shari'a ya karanta kalmomin hukuncin rataya. Ya karanta su fiye da sau sittin a rayuwarsa, bai taɓa tuntuɓe ba, yau ma bai yi ba. Sirimanne ya juya ga Tepanis ya maimaita masa da Sinhala. Tepanis ya gyaɗa kai kamar an gaya masa farashin kwakwa. Sai can daga bencin shaidu Podinona ta ƙwalla ƙara, "Yaya! Wayyo yayana!" ta zube, mata suka yi kanta. Sirimanne bai fassara wannan ba.

A ɗakin canja kaya Mai Shari'a ya zauna da jar alkyabbar a jikinsa ya rubuta wa Gwamna takardar neman sassauci, shafi shida. Ya san Gwamnan, ya san kuma jawabin ranar Litinin ya riga ya isa Kolombo a jarida, da sunan Baturen lardi a ciki. Bayan irin wannan jawabi a kan bin doka sak, ba Gwamnan da zai yi masa alfarmar lanƙwasa ta. Duk da haka ya rubuta, ya sa hannu, ya ba Sirimanne.

"Ka kai gidan waya da kanka."

"To, ranka ya daɗe."

"Ba ka da abin cewa?"

"Babu, ranka ya daɗe."

Da la'asar keken doki ya zo ɗaukarsa zuwa tasha. Lauyoyin gari sun taru a bakin kotu don yi masa ban kwana, shugabansu ya karanta takardar yabo, ya ce tarihi ba zai manta da alƙalin da ya ƙi farar safa saboda talaka guda ba. Aka tafa. Mai Shari'a ya yi godiya a taƙaice, har mutane suka yi mamaki.

Ensohami tana tsaye a gindin matakala, wajen da keken ya tsaya. Ba ta kuka. Ɗan sanda ya ɗaga sanda zai kore ta, Mai Shari'a ya ɗaga masa hannu. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa tsinuwa, har so yake ta yi, don ya san yadda ake tsayawa a karɓi waɗannan.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "tun jiya dangin mijina ba sa yi mini magana. Sun ce an riga an shirya komai, an kai shi inda zai zauna har mutane su huce, ni ce na je na tono. Ni ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Kai mai gaskiya ne, kowa ya ce haka. Ka gaya mini, da ban zo wurinka ba ranar nan, da za a rataye shi?"

Mai Shari'a ya waiwaya yana neman Sirimanne. Sirimanne yana gidan waya. Lauyoyi suna tsaye a bayansa, da yawansu suna jin yaren. Ya buɗe baki zai ce mata laifin nasa ne, ya ga ba wannan ta tambaya ba, kuma sau ɗaya dai a satin nan ya kamata ya amsa abin da aka tambaye shi.

"Da ba za a rataye shi ba," ya ce.

"To," ta ce. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida manya, ta tashi ta kama hanyar kogi.